Kwanon taliya ko teburin dim sum: inda ɗan kasuwa zai ci a Guangzhou idan kuɗi a ƙirge suke

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin, da jakar guzuri ya san gari da ƙuli-ƙuli da yajin da aka ƙullo masa daga gida kwana uku suke yi su gundure shi. Ranar ta huɗu ciki abu mai zafi yake nema. A unguwar Xiaobei, inda yawancin 'yan kasuwarmu ke sauka, akwai masu dafa abincin Afirka a saman benaye, akwai gidajen abincin Turkawa da na Larabawa a bakin babban titi, amma wanda ya zo da kuɗin saro kaya a ƙirge ba zai iya mai da su wurin cin kullum ba. Dole ya juyo ga abincin 'yan gari. Nan ne tambayar da ƙannena suka fi yi mini take tasowa: "Yaya, shagon taliya za mu shiga, ko gidan shayin nan da ake jera 'yan kwanduna a tebur?"

Cimar cikin kwandunan nan ita ake kira dim sum. Na ci a duka biyun, kuma kowanne yana da ranarsa. Abin da nake so mai sabuwar tafiya ya gane shi ne farashin da ke rubuce a takardar abinci ba ya gaya maka abin da za ka kashe. Yawan bakin da za su ci, da lokacin da aka je, da abin da ya halatta gare ka a kan teburin, su ne ke yanke lissafin.

Bari in fara da taliya, don ita ce za ta riƙe ka. Shagunan da za ka riƙa gani a kusan kowane lungu, masu allo kore ko shuɗi da hoton kwano, su ne na taliyar Lanzhou. Lanzhou babban birnin lardin Gansu ne, can arewa maso yammacin Sin, inda Musulmi suke da yawa, kuma ana danganta wannan taliya mai romo garai-garai ga wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai suna Ma Baozi, wanda ya fara sayar da ita a 1915. Da yawa daga masu shagunan da ke kudu ma ba 'yan Lanzhou ba ne, mutanen lardin Qinghai ne, musamman yankin Hualong, da suka bazu cikin ƙasar da wannan sana'a. Shagon iyali ne galibi: maigida da farar hula a wurin kuɗi, uwargida da ɗankwali tana kai kwano, saurayi a baya yana jan taliya. Ka yi musu sallama za su amsa, kuma za ka ga fuskarsu ta sake.

Ka tsaya ka kalli mai jan taliyar ko sau ɗaya. Curin kwaɓaɓɓiyar fulawa zai ɗauka, ya miƙar da shi iyakar hannuwansa, ya ninka, ya sake miƙarwa, ya buga a kan tebur mai barbaɗen gari. Kowane ninki yana ruɓanya silin, ɗaya ya koma 2, 2 su koma 4, kafin ka ankara hannunsa cike yake da zare. Ya jefa a tukunyar da ke tafasa, minti ɗaya ko biyu ya tsame, a zuba romon ƙashin saniya da aka kwana ana dafawa. Su kansu suna da ma'aunin kwano mai kyau, abubuwa 5: romo ya zama garai-garai, a ga farin yankan wata saiwa mai kama da karas, a ga jan man barkono, a ga koren ganye, taliyar kuma ta yi ɗorawa-ɗorawa. Kaurin ma zaɓinka ne, daga siririya kamar gashi har mai faɗi kamar ɗamara. Ni mai matsakaicin kauri nake so, don siririyar tana saurin yin laushi idan ka tsaya amsa waya.

A tafiyata ta baya, kwanon taliya da romo tsakanin yuan (kuɗin Sin) 15 zuwa 20 nake biya, gwargwadon unguwa. Gaskiyar da ya kamata in faɗa ita ce naman ba shi da yawa: 'yan yanka ne sirara da za ka iya ƙirgawa da ido. Bahaushen da ya saba da tsoka a miya zai ji an rage masa. Maganinsa ka ce "jia rou", wato a ƙara nama, ka biya ƙarin da ya kai kusan rabin kuɗin kwanon, ko ka sa a ɗora maka dafaffen ƙwai, wanda ya fi sauƙi. Ko da ƙarin, da wuya ka wuce yuan 30, kuma za ka tashi da cikinka dam, irin ƙoshin da zai kai ka yamma kana zagaya kasuwannin Sanyuanli. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda zai wuni yana hawa bene yana cinikin takalma ya fi kowa sanin haka.

Shagon ba taliyar romo kaɗai yake yi ba, kuma wannan ne ke hana mutum ƙosawa. Akwai soyayyar taliya da nama da tattasai. Akwai wadda ake yankowa da wuƙa kai tsaye daga curi zuwa tukunya, mai kauri da daɗin tauna. Akwai shinkafa da aka lulluɓe da nama da dankali, ko da ƙwai da tumatir, wadda ita ce mafaka ga wanda cikinsa bai karɓi taliya ba tukuna. Idan kun kai ku 3 ko 4, ku nemi "da pan ji", babban farantin kaza da dankali da barkono wanda asalinsa daga Xinjiang ne. Idan an cinye kazar sai a juye taliya mai faɗi a cikin romon da ya rage. Wasu shagunan da daddare suna gasa tsiren rago. Duk hotunan suna manne a bango da farashi a ƙasa, nuni kawai za ka yi da yatsa.

Aibinsa a fili yake. Wurin ƙarami ne, kujerun roba ko benci, hayaƙin tukunya, mutane na jiran ka tashi su zauna. Ba wurin da za ka kai mai masana'anta ku tattauna farashin kwantena ba ne. Gishiri da mai suna da yawa, kuma idan ka yi mako kana ci safe da dare za ka fara jin ƙishirwa ba ta sakinka. Akwai kuma ganyen da suke kira "xiangcai", mai ƙamshi mai ƙarfi, wanda da yawa daga mutanenmu ba sa so. Ka ce "bu yao xiangcai" tun kafin a zuba.

Dim sum kuwa duniya ce ta daban, kuma Guangzhou ce gidanta. Mutanen garin ba sa ma cewa za su ci dim sum, cewa suke za su "yum cha", wato shan shayi, don shayin ne uban tafiya, ƙananan cimar rakiya suke yi masa. Tsofaffin gidajen shayi irin su Tao Tao Ju, da aka kafa a 1880, da Lianxiang Lou na 1889, har yau suna nan a tsohuwar unguwar Xiguan. Da sassafe za ka tarar da tsofaffi sun cika tebura, wani da jarida, wani da jikansa, butar shayi ɗaya da kwando biyu a gabansu, su yi awa biyu ba wanda ya ce su tashi. Suna da karin magana a kan haka, "kofi ɗaya, cima biyu". Duk wanda ya taso yana ganin dattawa a teburin mai shayi bayan sallar asuba zai gane wannan zama nan take, sai dai a nan cikin babban zaure ake yinsa, da fitilu da masu hidima.

Abincin a 'yan madambatai na gora yake zuwa, kowanne da guda 3 ko 4 a ciki, tururi na tashi. Akwai "har gau", ƙullin jatan lande a cikin fata siririya da kake hango jan naman ta cikinta. Akwai "siu mai", mai buɗaɗɗen baki. Akwai "char siu bao", wanda ba shi da maraba da alkubus sai dai an cusa masa nama mai zaƙi a ciki. Akwai ɗan kek mai ruwan ƙwai a tsakiya. Waɗannan 4 su ne ginshiƙan teburin. Bayansu akwai "cheung fan", ƙullun shinkafa da aka shimfiɗa siriri aka turara aka naɗe, akwai ƙafar kaza da aka dafa har ta yi lugub, akwai shinkafa mai danƙo a ƙunshe cikin ganye, akwai faten shinkafa mai ruwa-ruwa. Aikin hannu ne na gaske, kuma wanda ya ɗanɗana mai kyau zai fahimci abin da ya sa mutanen garin suke alfahari da shi.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Girkin Guangzhou da alade aka gina shi. "Siu mai" naman alade ne da jatan lande. "Char siu" gasasshen alade ne. Shinkafar cikin ganye da wainar farar saiwar nan galibi da busasshen naman alade a ciki. Faten shinkafar da aka fi saye da tsokar alade ake yi. Har abubuwan da ido zai ce ba komai: ana sa kitsen alade a cikin "har gau" don ya yi taushi, ana murza fulawar kek ɗin ƙwai da man alade a gidaje da yawa, ana jiƙa nama da giyar girki, kazar da naman shanun kuma ba yankan Musulmi ba ne. Haka taliyar 'yan garin, wadda ake ci da "wonton": ƙullin alade ne da jatan lande, romon ma da ƙashin alade. Saboda haka kalmar taliya kaɗai ba ta isa ta kwantar maka da hankali ba, sai ka san taliyar wane ne.

Na koyi wannan a tafiyata ta farko. Wakilin wata masana'anta ya gayyace ni shan shayi da safe, ya kai ni wani babban gida, mutumin kirki, yana son ya karrama ni. Na ce masa ba na cin alade, ya ce ba damuwa, ya cika tebur da kayan jatan lande. Mu Malikawa duk abin da ya fito daga ruwa halal ne a wurinmu, don haka na ɗauki tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su zan fara. Tafintanmu, wani yaro ɗan Nijar da ya yi karatu a can, ya dafa hannuna ya ce, "Alhaji, dakata in tambayo." Ya kira mai hidima, ita kuma ta shiga kicin ta dawo ta ce akwai kitsen alade kaɗan a cikin haɗin. A wurinta kaɗan ɗin ba komai ba ne, kuma ba yaudarata aka yi niyyar yi ba; su idan ka ce alade, tsoka suke ji, ba sa lissafa kitse da romo. Ranar shayi na sha da tafasasshen ganye, mai gayyata kuma kunya ta kama shi har na ji tausayinsa. Tun daga nan ban sake zama teburin dim sum ba sai na ga alamar halal.

Alamar ita ce haruffa biyu, 清真, ana furta su "qingzhen". Ka ɗauki hotonsu a wayarka. Kada ka dogara da neman rubutun Larabci a allo, don a 'yan shekarun nan an cire shi daga shaguna da yawa, amma haruffan nan biyu sukan kasance a allo ko a takardar shaida da ke rataye a ciki. A nan ne taliyar Lanzhou ta yi wa dim sum nisa: shagunanta na halal suna ko'ina, daga Xiaobei har kusa da rumfunan babban baje kolin Canton da ake yi a unguwar Pazhou sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba. Dim sum na halal kuwa sai an nema. Wanda aka fi sani shi ne gidan abincin Hui Min da ke titin Zhongshan na 6, tsohon gida ne tun shekarun 1950, inda ake yin girkin Guangzhou da naman sa da rago da kaza a madadin alade. Yana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ximenkou a layi na 1, tafiyar ƙafa ce kaɗan daga masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin, wanda Musulmin garin suke danganta kafuwarsa ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas.

Yanzu lissafi. A gidan shayi, kafin ka ci komai an rubuta maka kuɗin shayi, kuma kowane kai ake ƙirgawa, ko ka sha ko ba ka sha ba. 'Yan yuan ne a kan kowane mutum, suna hawa idan ka zaɓi ganye mai tsada. A wasu gidajen ƙunshin takardar goge hannu da ka tarar a tebur ma na kuɗi ne, idan ka buɗe ka saya. Kwandunan kuma aji-aji ne, ƙarami, matsakaici, babba, na musamman, kowanne da farashinsa, kuma waɗanda suka fi jan ido, irin na jatan lande, a ajin sama suke. Ɗauki misali: kai kaɗai ne, shayi yuan 8, kwando 3 a kan kusan yuan 20 kowanne. Ka doshi yuan 70, ka ci loma 10 ko 12 na abu iri 3 kacal, kuma kafin la'asar yunwa ta dawo. Fiye da kuɗin kwanon taliya 3 ke nan. Idan kwana 10 za ka yi kana ci sau biyu a rana, taliya a kan yuan 20 za ta ci maka 400, dim sum a kan 70 zai ci 1,400. Yuan 1,000 na tsakani kuɗin kaya ne, ko kuɗin ɗaki na wasu kwanaki.

Lissafin yana canzawa idan kuna da yawa, don abincin tarayya ne tun asali. Ku 4 ne, kwando mai guda 4 kowa ya samu ɗaya, sai ku ɗanɗana iri 7 ko 8 maimakon 3. Dabarar ita ce ku fara da masu cika ciki: babban kwanon faten shinkafa, farantin soyayyar taliyar shinkafa da naman sa, alkubus mai nama, sannan ku ƙawata da kwando 2 ko 3 na masu tsada. Haka tsofaffin garin suke yi. Kuɗin kowa zai sauko, kodayake ba zai kai arahar taliya ba, kuma kada wani ya ce maka zai kai. Gidaje da yawa suna rage farashi ga wanda ya zo da sassafe ya biya da wuri, ko a shayin bayan azahar, a ranakun aiki. Asabar da Lahadi kuwa layi ne da cikakken farashi. Ka tambaya kafin ka zauna, matambayi ba ya ɓata. Abin da ya rage a ce "da bao" a ƙunshe muku, ba abin kunya ba ne a can, sai dai a wasu wurare ana karɓar kuɗin roba. Ba a ba mai hidima tukuici a ko'ina cikin biyun.

Lokaci ma kuɗi ne ga wanda bizarsa ke ƙirga kwanaki. Taliya minti 15 ce daga shigarka zuwa fitarka, kuma shagunan suna kaiwa dare. Dim sum na safe ne zuwa rana, kuma idan ba ka da awa ɗaya da rabi da za ka bayar, ka bar shi. Amma wannan jinkirin shi ne amfaninsa idan da baƙo. Mutanen Guangzhou a teburin shayi suke ƙulla ciniki, kuma mai masana'antar da ka gayyata ka zuba masa shayi da hannunka ba zai kalle ka kamar wanda ya tsaya a ƙofar shagonsa yana taya kaya ba. Yana da kyau ka san 'yan ladubban wurin. Za a kawo roba da ruwan zafi ko shayin farko, na ɗauraye kofi da tsinke ne, ba na sha ba. Ka zuba wa na kusa da kai kafin ka zuba wa kanka. Idan an zuba maka, ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a hankali, godiya ke nan. Idan buta ta ƙare, ka ɗaga murfin ka jingina shi a gefe, mai hidima za ta gani ta ƙara ruwa, kuma ƙarin ruwa kyauta ne. Wanda tsinken bai zauna masa a hannu ba ya nemi cokali, ba wanda zai yi masa dariya.

Maganar biya iri ɗaya ce a duka: kusan kowa da waya yake biya, ta manhajar Alipay ko WeChat, kuma tun 2023 baƙo yana iya haɗa katin bankinsa na waje da su. Ka gwada tun kafin ka bar gida, don ba kowane kati ne ke tafiya ba. Takardar kuɗi tana aiki har yanzu, amma ka riƙe ƙanana, don mai shagon taliya ba lallai ya samu canjin yuan 100 ba. A manyan gidajen shayi sau da yawa lambar QR da ke manne a tebur ake ɗauka da waya a zaɓi abinci, duk da rubutun Sinanci, abin da ke sa mutum ya danna abin da bai sani ba. Ka nemi takardar da ake yi wa alama da biro, ko ka tafi da wanda ya iya karatun.

Ga abin da nake gaya wa ƙannena. Idan kai kaɗai ne, ko ku biyu, kuma saro kaya ya kawo ku, ku nemi shagon taliya mai alamar halal mafi kusa da masaukinku ku mai da shi gida. Ku riƙa juyawa tsakanin taliyar romo, soyayya da shinkafa don kada ta ishe ku. Bayan kwana 3 maigidan zai gane ku, kuma ni na sha ganin an ƙara mini romo ba tare da na tambaya ba. Dim sum kuwa ku ware masa rana ɗaya a tafiyar, ku haɗu ku 4 ko 5, kowa ya kawo nasa kason. Juma'a ta fi dacewa: ku shiga jirgin ƙasa daga Xiaobei da hantsi, ku sauka Ximenkou, ku zauna a Hui Min ku yi shayinku a natse da "siu mai" na naman sa, idan lokaci ya matso ku taka zuwa Huaisheng ku samu sahu tun kafin harabar ta cika.